Ƙawata Ta Sace Mini Suna

A 'yan shekarun nan wata magana ta shigo gidajen suna a Birnin Kudu da Gwaram wadda kakanninmu ba su san ta ba. Ana tsakiyar rabon waina da zoɓo, sai ka ga mace ta ja 'yar'uwarta bayan ɗaki, ta rage murya ta ce, "Kin ji abin da wance ta yi mini? Suna ta sace mini." In ka bi ba'asi, sai ka tarar 'yar mai ƙorafin tana amsa wani suna da uwar take ji da shi, yanzu kuma ƙawarta ta haihu ta sa wa tata jaririyar shi, ko wani mai kama da shi ƙwarai.

Ni malamar firamare ce. A ƙasar Gwaram aka haife ni, aure da aiki suka kawo ni Birnin Kudu, kuma kiran suna a aji shi ne aikina na farko kowace safiya. Wanda ya daɗe yana riƙe da rajistar 'yan aji ɗaya yakan san sunan da ake yayi tun kafin mutanen gari su farga. Shi ya sa da wannan ƙorafi ya fara yawa na ga ya kamata a dube shi da kyau, domin yana raba aminan da suka taso tare, alhali mafi yawansa ana iya kashe shi tun kafin a yanka rago.

Wanda ya fi tsaya mini a rai ya faru ne tsakanin 'yar yayata da aminiyarta. Tun suna sakandaren kwana suke tare, akwati ɗaya suke zuba garin kwaki da ƙuli-ƙuli. 'Yar tamu ta yi aure a nan Birnin Kudu, aminiyar kuma aka kai ta garin Sara. Tamu ce ta fara haihuwa. Mijinta ya yi wa jaririyar huɗuba da sunan mahaifiyarsa, Fatima, tun da kuwa matar ɗa ba ta kama sunan uwar mijinta, sai ta zaɓi Afnan a riƙa kiran yarinyar da shi. Ba a rufa shekara ba ta Sara ta sauka, ita ma mace. Sunan yanka A'isha, sunan kira Afnan. A waya 'yar tamu ta gani, an ɗora hoton jaririya, an rubuta sunan a ƙasa, an zagaye shi da furanni. Ranar suna ta ce kanta na ciwo. Ta aika da turmin atamfa da sabulu ta hannun ƙanwarta, ita kuwa ba ta taka Sara ba.

Da labari ya kai kunnen goggonmu, tsohuwar da ta yi wa rabin matan danginmu wankan jego, sai ta riƙe baki. Ta ce, "Ke 'yar nan, an yi miki kara kina fushi? Mu a zamaninmu wanda aka yi wa takwara shi ke neman kuɗin ɗinki." Yarinyar ta ce, "Goggo, ai ba kara ta yi mini ba. Da kara ce da ta faɗa mini." Kowacce a cikinsu tana da gaskiyarta, kuma duk matsalar tana tsakanin maganganun nan biyu.

Wa ke zaɓen suna?

A nan kudancin Jigawa, kamar sauran ƙasar Hausa, raɗa suna haƙƙin uba ne. Haka malamai suke karantarwa, haka kuma Ibn Ƙayyim ya tabbatar a littafinsa Tuhfatul Maududi. Da an haihu, uba ko kaka ko wani malami zai yi wa jariri kiran salla a kunne, a yi masa huɗuba da sunan da aka zaɓa, amma a al'ada ba a shelanta shi sai ranar suna. Idan haihuwar fari ce, sau da yawa matar tana gidan iyayenta, ta je goyon ciki, a can za a yi mata kauri, a can za ta yi wankan jego da shan kunun kanwa har ta yi arba'in.

Suna kan faɗo daidai ranar da aka haihu a mako mai zuwa. Wanda aka haifa Talata da hantsi, Talata ta sama za a yanka masa rago. Dalilin yana cikin Risala ta Ibn Abi Zaid da ake karantawa a zaurukanmu, inda aka bayyana cewa ba a lissafa ranar haihuwar cikin kwana bakwai, kuma dabba ɗaya ta wadatar ko namiji aka samu ko mace. Da sassafe maza su taru a ƙofar gida ko a masallaci, a raba goro da dabino da alewa, liman ya yi addu'a, maroƙi ya ɗaga murya ya faɗi sunan, wanzami ya shiga ya yi aski. Wannan shi ne sunan yanka.

Sai dai sau da yawa sunan da aka faɗa a ƙofar gida ba shi ne zai bi yaro makaranta da kasuwa ba. Da yamma mata ke nasu taron, kuma a cikin gida ake fitar da suna na biyu, wanda uwa ko kaka ko ƙanwar uba ta laƙaba. Rikicin satar suna kusan duk a kan wannan na biyun yake. Ban taɓa jin wadda ta ƙaurace wa ƙawarta don ta sa wa ɗanta Abubakar ko 'yarta Maryam ba.

Gida ɗaya, Muhammadu goma

Al'adarmu ba ta taɓa ɗaukar suna a matsayin mallakar wani gida ba. Magidanci yakan sa wa 'ya'yansa maza Muhammadu tun daga na fari har na goma, a bambanta su da lissafi: Auwalu, Sani, Salisu, Rabi'u, Hamisu, Sadisu, Sabi'u, Saminu, Tasi'u, Ashiru. Wani kuma ya bambanta su da siffa, a sami Aminu da Nasiru da Kabiru da Bashiru a ɗaki ɗaya, dukkansu Muhammadu ne. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo da kansa yana da Muhammadu Bello da Muhammadu Sambo da Muhammadu Buhari. Mutumin da ya yarda 'ya'yan cikinsa su yi tarayya a suna ɗaya, ta yaya zai ga laifin maƙwabci don ya ɗauki sunan?

Tushen abin a addini yake. Ya tabbata a Sahihu Muslim cewa Abdullahi da Abdurrahman su ne sunayen da Allah ya fi so. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi izini a sa sunansa, shi ma ya sa wa ɗansa sunan kakansa Annabi Ibrahim. Sayyidina Umar da Abbas da Zubairu da Amru ɗan Asi kowannensu yana da ɗa Abdullahi, a zamani ɗaya, kuma duk huɗun sun shahara. An ruwaito cewa Ɗalhatu yakan sa wa 'ya'yansa sunayen annabawa, Zubairu kuma sunayen sahabban da suka yi shahada. Burin uba a nan shi ne ɗansa ya shiga sahun mutanen kirkin da suka gabace shi, shi ya sa Bahaushe ke cewa suna linzami ne.

Daga nan aka sami takwara. Mutum ya sa wa ɗansa sunan mahaifinsa, ko malaminsa, ko amininsa, ko ubangidansa na kasuwa. Mace ta jira a gama da ɓangaren miji, sannan ta roƙi a mayar da sunan uwarta. Sarkin Kano Muhammadu Sanusi na ɗaya, wanda ya yi sarauta daga 1953 zuwa 1963, lokacin Birnin Kudu da Gwaram suna gundumomi a ƙarƙashin Kano, an yi masa takwara da jikansa da aka haifa a 1961, wanda shi ma ya hau gadon a 2014. A ƙauyukanmu kuwa wanda aka yi wa takwara ba ya zuwa suna hannu rabbana. Zai ɗinka kayan jariri, mai hali ya sayi rago ko ya ba yaron tunkiya a kiwata masa. Da Salla ya yi masa ɗinki, wani ma in an yaye yaron a ba shi riƙo. Na san 'yan mata a Gwaram da takwarorinsu ne suka yi musu gado da katifa da za a kai su ɗaki.

Ba ko'ina haka take ba. A al'adar Sinawa ta gargajiya, sa wa yaro sunan kakansa rashin ladabi ne, Yahudawan gabashin Turai kuma ba sa mayar da sunan dangin da yake raye. Mu mun bi wata hanyar, mu sa sunan babba don girmamawa, sannan mu ɓoye shi, shi ma don girmamawa.

Yadda aka riƙa rarrabewa

Wannan ɓoyewar ce ta cika gidajenmu da Abba da Baffa da Babangida da Abbati, da Ummi da Mama da Hajiya da Uwani. Matar ɗa ba za ta tsaya tsakar gida ta ƙwala kiran sunan surukinta ba, ko da ɗan cikinta take nufi. Uwa kuma, musamman a gidajen Fulani da suke da yawa a wannan yanki, ba ta kama sunan ɗan fari. Ga kuma laƙabin da kowane babban suna yake tafe da shi. Abubakar ya zama Garba ko Habu ko Sadiƙu, Usman ya zama Shehu, Umar Faruƙu ko Sanda, Aliyu Haidar, Yusufu Maitama. A'isha ta zama Indo ko Humaira, Fatima Binta ko Zahra'u, Hauwa'u Kulu ko Jidda, Hadiza Dije ko Kubra, Zainabu Abu. Idan wa da ƙane duk sun mayar da sunan mahaifiyarsu A'isha, sai ta wannan ɗaki ta zama Humaira, ta wancan ta zama Ummi, a zauna lafiya.

Ranar haihuwa da yanayinta su ma sun taimaka. Ladi, Talatu, Laraba, Lami, Jummai, Asabe; Tanko da ya biyo mata, Kande da ta biyo maza, Gambo da ya biyo tagwaye; Azumi, Sallau, Auta. Ba wadda ta taɓa cewa an sace mata Jummai, domin Juma'a ta kowa ce. Da boko ya zo, aka tara yara daga gundumomi daban-daban a makarantun kwana irin Kwalejin Gwamnati ta Birnin Kudu, sai malamai suka riƙa liƙa wa yaro sunan garinsu don a san wane Sani ake nufi. Wannan salo na haɗa suna da gari shi muke gani a Aminu Kano da Shehu Shagari da Sa'adu Zungur, har da gwamnan farar hula na farko a Jigawa, Ali Sa'ad Birnin Kudu, wanda ya hau mulki a 1992.

To me ya canza?

Yayin suna ba sabon abu ba ne. Bayan an kashe Janar Murtala Muhammad ranar 13 ga Fabrairu 1976, masu suna Murtala suka yawaita a Arewa. Yaƙin Tekun Fasha na 1991, shekarar da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa, ya bar mana samari masu amsa Saddam. Ja'afar ya ƙaru bayan kisan Malam Ja'afar Mahmud Adam a Kano a 2007, Buhari kuma a 2015. A duk waɗannan lokuta maƙwabta alfahari suke yi su haɗu a suna ɗaya. Ko da hukumar ƙididdiga ta Birtaniya ta sanar cewa a 2023 Muhammad ne ya fi kowane suna yawa a jarirai maza na Ingila da Wales, sama da 4,600, Musulmi murna suka yi da labarin.

Abin da ya canza shi ne aikin suna na biyu. Da can alkunya ce, yanzu ado ne. Yarinya ta tsinci suna a littafin soyayya, ko a fim ɗin Hausa, ko a fim ɗin Indiya da na Turkiyya da aka fassara, ko a intanet, ta adana shi a ranta tun tana budurwa. Afnan, Hanan, Jinan, Amal, Ilham, Iman. Aiman, Affan, Sultan, Amir. Abin da ya sa take son sa shi ne babu mai shi a layinsu. Ranar da wata ta ɗauka, abin da ya sa ta zaɓe shi ya tafi. Mu mata mun san irin wannan a tufafi. Mu hamsin za mu ɗinka anko ranar biki muna murna, amma wadda ta zagaya wurin telanki a ɓoye ta ce a yi mata ɗinkinki sak, sai ranki ya sosu. Yadin ɗaya ne, sanarwa ce ta bambanta su.

Akwai kuma abin da maza ba su cika lura da shi ba. A yau matar aure da sunan ɗanta ake kiranta. Uwar da a da ba ta kama sunan ɗan fari, yanzu shi ne sunanta a unguwa: Maman wane, Maman wance. Da shi take shiga adashi, da shi aka adana lambarta a waya, da shi masu sayen cincin da kayan ƙamshi da ɗinki suka san ta. Wasu mazan ma sunan yaron suke rubutawa a jikin shago ko bayan Keke Napep. Saboda haka idan aminiya ta ɗauki sunan 'yarki, sunanki ne ta ɗauka, wani lokaci har da na sana'arki.

Da muka zaunar da 'yar yayata, wannan ne ya fito fili. Turaren wuta da humra take sayarwa daga ɗakinta, kuma da Maman Afnan aka san ta. A zauren WhatsApp na 'yan ajinsu yanzu Maman Afnan biyu ne. Abin da ya fi yi mata ciwo kuwa, a waya ta gani tare da kowa, kamar bare. Bayan ta Sara ta yi arba'in sai ga ta da kanta, da goyonta. Ta ce, "Wallahi ƙawata, ƙanwar maigidan ce ta laƙaba shi tun muna asibiti, ni kuma ina so, na rasa ta yadda zan faɗa miki." Suka shirya. Tun da A'isha ce yarinyar, a danginmu Humaira muke ce mata, a Sara kuma tana nan Afnan ɗinta.

Inda ƙorafi yake da tushe

Ba kowane ƙorafi ne son zuciya ba. Mu ba mu saba maganar sunan jariri tun yana ciki ba. Cikin ma ɓoye shi ake yi, saboda kunya da tsoron baki, kuma ba a son a riga Allah yanke hukunci. Don haka idan mace ta buɗe baki ta gaya wa aminiyarta sunan da take tanadi, sirri ta ba ta. Wadda ta riga ta haihuwa ta ɗauke shi ba tare da ta ce komai ba, amana ta ci, ko da sunan yana cikin littafi. Abin ya fi zafi idan mai tanadin ta shekara da shekaru tana neman haihuwa, tana yawon asibiti da na masu magani.

Haka nan idan ƙawarki ta binne yaro mai wannan suna. Wata uwar za ta ji sanyi a ranta, ta ce an mayar mata da shi, ta ɗauki jaririn kamar nata. Wata kuwa duk sanda aka ƙwala kiran sunan sai mikin ya dawo ɗanye. Ba mai iya sanin wace ce a cikinsu sai an tambaye ta.

Sai zaman gida ɗaya. A ƙauyuka irin su Kantoga da Sundimina da Basirka har yanzu akwai manyan gidaje na gandu, wa da ƙane da matansu da 'ya'yansu, ƙofa ɗaya ake shiga. Idan faccaloli biyu suka sa suna ɗaya, ko Hanan da Afnan da kunne ba ya rabawa daga nesa, mutanen gida da kansu za su nemi abin rarrabewa, kuma ba kullum suke zaɓen mai daɗi ba. In an yi sa'a a ce babba da ƙarama. In ba a yi ba, a ce fara da baƙa, ko doguwa da gajera, ko a kira yaro da wata naƙasa da ke jikinsa. Irin wannan laƙabi yakan bi mutum har tsufa, kuma ƙaramin ne yake kwasar sa. Tsakanin kishiyoyi kuwa, ko da zuciya ɗaya aka yi, gasa za a ɗauke shi.

Amma idan gari daban ne, ko sunan na annabi ne ko na sahabi ko na matan Annabi, babu mai ikon killace shi. Kuma kafin a yi fushi da mai jego, a tuna sau da yawa ba ita ta zaɓa ba. Miji ne ya yi huɗuba, ko surukai suka yanke, ita ma sai ji ta yi. Son suna na daban ba laifi ba ne. Nana Asma'u, wadda aka haifa a 1793, tagwaye ce ita da ɗan'uwanta Hassan, amma mahaifinsu Shehu Usmanu bai bi abin da aka saba sa wa tagwaye ba, ya kira ta Asma'u. Abin da zan ja hankali a kai shi ne a tambayi malami kafin a ɗauko suna daga waya, domin ba kowace kalmar Larabci mai daɗin faɗa ce ta dace da mutum ba. Annabi da kansa ya canza wa wasu suna, kamar matansa Zainabu da Juwairiya da a da ake kiran su Barra.

Ruɗanin da ke cikin takarda

A aji, ni ba kishin suna ne ke ba ni wahala ba. Ruɗanin takardu ne. Aminai biyu a gari ɗaya, mazansu duk Muhammadu, 'ya'yansu sa'o'in juna, duk Fatima. Ga Fatima Muhammad biyu a benci ɗaya, sai mun ƙara sunan kaka ko na unguwa kafin mu raba sakamakon jarrabawa. Wani yaron kuma yayarsa ce ta kawo shi makaranta, aka tambayi suna ta ce Khalifa, aka rubuta, alhali takardar haihuwarsa Ibrahim take ɗauke da shi.

Da can wannan ba ya hana komai. Yanzu kuwa banki na da lambar BVN tun 2014, hukumar JAMB kuma tun 2021 ba ta yi wa ɗalibi rajista sai da lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN. Idan sunan da ke takardar firamare ya saɓa da na NIN, ko wata takarda ta ce Hadiza wata ta ce Khadija, wata Muhammad wata Mohammed, sai an je kotu an yi takardar rantsuwa, wani lokaci har da buga sanarwa a jarida, a kashe kuɗi da lokaci. Dokar 1992 ta wajabta yi wa kowane jariri rajista a Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa. Wanda ya san ɗansa yana da takwara kusa, ya rubuta masa suna uku tun ranar farko, nasa da na uba da na kaka. In ana son sunan kira ya shiga, a sa shi a takardar haihuwa tun farko, kuma yadda aka rubuta shi a nan haka za a ci gaba da rubuta shi ko'ina.

Abin da nake gaya wa masu ciki

Idan mai ciki ta same ni da wannan magana, nakan fara tambayarta: sunan kike so, ko yarinyar ƙawar taki ce ta shiga ranki? In yarinyar ce, to takwara kike son yi, sai ki yi ta a fili. Ki ce, "Maman wance, tarbiyyar 'yar nan taki tana burge ni, in Allah ya ba ni mace ina so in yi mata takwara." Ba kasafai uwa ke jin wannan ta ɓata rai ba. In kuma sunan ne kawai, ki faɗa mata haka, ki ba ta damar ta ce wani abu. Idan ta nuna ba ta so, ki auna amincin da kuka gina tun ƙuruciya da sunan da nan da 'yan shekaru zai cika unguwa, domin babu sunan yayi da ya taɓa zama na mutum ɗaya. Kina iya barin sa sunan yanka ki nemi wani na kira, ko ki ɗauki ɗaya daga laƙabin da yake tafe da shi.

Wadda aka zo wa da maganar ita ma akwai nata. Wadda ta tako ta gaya miki ta riga ta girmama ki. In akwai dalili na gaske, rasuwa ko sana'a ko zaman gida ɗaya, ki faɗa a sarari, kada ki ce ba komai sannan ki ɗauke ƙafa. Maza kuma su daina cewa wannan zancen mata ne. Su ke yin huɗuba, su ya kamata su tambayi mai jego ko akwai wanda sunan zai taɓa.

Addini da al'ada sun ba mu mako guda cur tsakanin haihuwa da suna, kuma a cikinsa 'yan barka suke ta shiga da fita. Daga Birnin Kudu zuwa Gwaram ko Sara tafiyar safiya ɗaya ce a motar haya. Mai jego ba ta fita, amma tana da uwa, tana da yaya, tana da waya a gefen gado. Ta tura ɗaya daga cikinsu kafin a ɗora hoto, kafin a buga kalanda da robobin rabo. Aminiya ba ta cancanci ta ji sunan daga bakin maroƙi tare da sauran jama'a ba.